Gidan Inna a Ƙarƙashin Titi

Zuwa ga Yaya,

"Inna, ki zauna a ɗakinki, kada ki bari kowa ya taɓa ko bulo ɗaya na gidan nan. Ni da kaina zan dawo in ɗaga shi har ya fi titi tsayi, kuma a nan nake so in same ki." Ka gane mai maganar? Kai ne, durƙushe a gaban gadonta bayan rasuwar Baba, jakarka tana bakin ƙofa, direba yana ta danna maka hon a waje. Ina tsaye a bayanka, 'yata ta fari tana goye a bayana. Yau ita ma tana da nata goyon. Na sa maganarka a gaba da gaisuwa ne don kada ka ce ban riƙe ta daidai ba.

Yanzu kuma gaisuwa, tunda gidan tarbiyya muka fito. Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya shirya maka zuri'a, ya tsare ku a ƙasar mutane. Da zuciya ɗaya na yi wannan addu'a, fushina bai kai nan ba tukuna. Mu ma muna cikin godiyar Allah. Maigidana ya yi ritaya ya koma noman tumatir a bayan gida, yana yi wa tsirran faɗa kamar yadda yake yi wa ma'aikatansa a da, su ma kuma ba sa ji. Jikarka ta fara rarrafe. Ni ina nan a makaranta, alli yana ta cin maƙogwarona. An yi wa Kawu aikin ido, ya ce yanzu da yake gani sosai ya gane ashe duk mun tsufa. Auta yana nan da motar hayarsa, kuma yana nan yadda ka san shi, ko wuta ce ta kama rigarsa sai ya ce bari a ji ta bakin Yaya. Inna kuwa, ita ce dalilin takardar.

Za ka ce me ya hana ni kira. Na kira, ka sani. A waya ba ka barina in kai aya. Ko ka ce layi ba kyau, ko ka yi dariyar nan taka ka ce Malama ta fara darasi, ko ka miƙa wa yara su gaishe ni har maganar ta bi iska. Takarda ba ta da wurin kashewa. Na ba Dogo ɗan Kawu, tunda aikinsa zai kai shi garinku, na ce ya sa maka ita a hannu, kada ya sha ko ruwan gidanka sai ya ga ka buɗe.

Ka daɗe ba ka ga titinmu ba, kuma na lura duk sanda ka yi zancensa, titin yarintarmu kake nufi. To bari in fara daga wanda ka sani. Jar ƙasa ce, in mota ta wuce sai mu fito kallo. Gidanmu a kan tudu yake, sai an hau matakala kafin a kai ƙofa, kuma Baba yana alfahari da matakalar nan fiye da yadda yake alfahari da mu, don shi ya zuba ta da hannunsa, alhali kafinta ne ba magini ba. A kanta muke zama da yamma, kai a sama saboda kai ne babba, ni a tsakiya, Auta a can ƙasa yana cusa tsakuwa a hanci. Daga nan muna hango rufin motocin haya da kayan da aka ɗaure a kai. Hannun dama gidan tela ne, wanda kekensa ke fara ƙara tun kafin mu tafi makaranta. Hannun hagu mai hoto, da labulensa mai zanen jirgin sama, wanda babu ɗan unguwar da bai taɓa tsayawa a gabansa ya ƙame ba. Tsallaken titi gidan burodi, sai lambun mangwaron da kuka sha duka a kansa, sai gidan Ungozoma, ƙawar Inna, wadda a hannunta muka faɗo duniya mu duka. Can gangare kuma rafin nan da ke ratsa ƙarƙashin titi ta kwalbati. In an yi ruwa, daga ƙofarmu yake gangarawa ya nufi rafi, mu bi shi a guje da jiragen takarda.

Ina firamare aka fara zuba kwalta. Ka tuna mun cire takalma mun hau don mu ji yadda take, muka dawo gida da tafin ƙafa a ƙone. Baba ya yi murna, ya ce masu sayen kujera za su riƙa tsayawa a ƙofar shagonsa, kuma sun tsaya. Abin da babu wanda ya lura da shi shi ne yadda masu aikin hanya suke aikinsu. Ba sa kankare tsohuwar kwalta. In ta farfashe sai su zo su zuba ƙasa da tsakuwa a kanta, su danne, su malala sabuwa. Kowace gwamnati da tata kwaltar, kowacce a kan ta wadda ta gabace ta. Na sha karanta labarin tsofaffin biranen da masu tono ke samu ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, har ina koya wa yara a aji, ban san a ƙofar gidanmu ake shirya wani ba. Titi ya fara cin matakalar Baba daga ƙasa. Wurin zaman Auta ya fara tafiya, sannan nawa, sannan naka. Shekarar da na yi aure, titi da dokin ƙofarmu sun zama kai ɗaya.

Daminar da ruwa ya fara shigo mana, Baba ya sayo bulo ya jera layi ɗaya a bakin ƙofa ya shafe da siminti. Bai wuce idon sawu ba. Ya ce ya ɗaukar mana maigadin da ba ya gyangyaɗi, ba ya neman abinci, sunan kuwa ya bi shi. Muna tsallake shi muna dariya, in baƙo ya yi tuntuɓe mu ce Maigadi ne bai san shi ba. Amma ka tuna abin da Baba ya ce ranar, don kana wurin, kai ka kwaɓa masa simintin. Ya ce wannan na damina ɗaya ne, in rani ya yi za a cike ɗakuna da ƙasa a ɗaga rufi. Ciwo ya riga shi. Ya ƙara layi ɗaya kafin ya kwanta, ya rasu Maigadi bai kai gwiwa ba. Daga nan sai alkawarinka. Tun ranar, duk sanda aka ƙara wa titi kwalta Auta ya kira ka, amsarka ɗaya ce, a ƙara wa Maigadi layi kafin ka zo. Da ramin da ruwan tsakar gida ke fita ta cikinsa ya fara dawo mana da ruwan kwata, ka ce a toshe shi, aka toshe. Da ruwan titi ya fara fantsama ta tagar Inna, ka ce a rufe rabinta da bulo, aka rufe. Na ce maka a lokacin gidan da ruwa ba shi da hanyar fita baho ne. Ka ce ni dai ba na rasa abin faɗa.

Maƙwabta ba su yi irin dabararmu ba. Da tela ya rasu 'ya'yansa suka sayar, wanda ya saya ya kawo tifa bayan tifa ta ƙasa, ya cike wurin har ya fi titi, sannan ya ɗora bene mai shagunan waya. Gidan mai hoto yanzu gidan mai ne, an daɓe filinsa da kankare, kuma duk wanda ya daɓe shi ya san inda yake so ruwa ya gangara. Gidan burodi ya zama banki, bankin ya rufe, yanzu tayoyi ake sayarwa a ciki, har yau ƙofar ƙarfen bankin tana nan tana gadin roba. Lambun mangwaro da safe ɗaya aka sare shi, sito ne na siminti. Akwai fitilu, akwai allunan talla da suka fi gidanmu girma, akwai gadar masu tafiya a ƙasa da babu mai hawanta sai awaki. Kada ka ɗauka kukan mangwaro nake yi. Titin nan ya kawo mana asibiti kusa, ya kawo makarantar da nake koyarwa, ya ciyar da Auta da iyalinsa. Titi bai yi wa kowa ƙarya ba, tun farko a fili yake hawa. Kowa ya gan shi ya hau tare da shi. Mu kaɗai muka tsaya a inda muke muna jera bulo a bakin ƙofa.

Bari in kwatanta maka gidanku yadda yake a yau, tunda hoton da ke kanka tsoho ne. In dogon mutum ya tsaya a bakin titi, zai iya ɗora hannu a kan rufinmu, masu wankin mota ma a nan suke shanya tsummansu. Abin da ya rage na tagar Inna daidai yake da tayar mota, ba ta ganin fuskar kowa, sai ƙafafu, har ta iya gane mutane da takalmansu. In tirela ta wuce, kwanukan da ke cikin kabad sai sun amsa. Benen dama ya tare rana, ba ta sauka tsakar gida sai ta take tsaka, ta ɗan leƙa ta wuce. Bututun rufinsu a kanmu yake zuba, 'yan shagon sama kuma suna jefo ledar ruwa da bawon ayaba, ba don mugunta ba, sun ɗauka kango ne. Maigadi daga waje iya gwiwa yake, daga ciki ya kai mini ƙirji. Abin da ya saura na ƙofar bai fi taga ba. In zan shiga wurin uwata, sai in tattare zane, in ɗaga ƙafa, in sunkuyar da kai, in juya baya, in laluba da ƙafa har in taka bencin aikin Baba da muka jingina daga ciki, daga shi in sauka kan kujera, sannan ƙasa. Ni da nake da jika, a gaban 'yan acaɓa suna yi mini sannu.

Ni ke nan da ƙafafuna suke aiki. Gwiwoyin Inna sun daɗe da ƙarewa, daga gado zuwa banɗaki ma da sanda da dafa bango take zuwa. Rabonta da fita titi tun ciwon da ta yi shekarun baya, lokacin da numfashinta ya sarƙe dole aka kai ta asibiti. Ban faɗa maka yadda aka fitar da ita ba, don ta roƙe ni. Auta da masu sayar da taya ne suka ɗora ta a kan tabarma, biyu suna turawa daga ciki, biyu suna ja daga waje, kamar ana fitar da katifa. Ɗankwalinta ya faɗi, jama'a sun taru. Matar da ko tsakar gida ba ta fita ba lulluɓi. Da ta dawo ta rantse ba za a ƙara tsallakar da ita ta kan katangar nan ba sai in gawarta ce. Tun daga ranar nake auna ƙofar da ido ina tunanin yadda makara za ta bi ta wurin. Ba za ta bi ba, Yaya. Na auna.

Gida biyu ne suka rage a kwari a duk layin, namu da na Ungozoma. Ita buhunan yashi 'ya'yanta suke sa a jera mata, su ma daga nesa suke ba da umarni. Daminar bara, da rana tsaka, bangon bayan ɗakinta ya sha ruwa ya ƙoshi ya zauna. Bai ma yi ƙara sosai ba, masu tayoyi suka ce kamar an sauke buhu. An ciro ta da rai, amma ƙugunta ya karye, sanyi kuma ya shige ta, ba ta ga ƙarshen watan ba. Inna ba ta je gaisuwa ba. Tsallaken titi kawai, ƙawarta tun suna amare. Ta zauna a gindin taga tana kallon ƙafafun masu zuwa ta'aziyya, tana gaya mini wannan wance ce, wancan wane ne. Ni na je a madadinta. Na tarar da 'ya'yan marigayiyar sun iso daga garuruwansu, manyan mutane masu ƙamshin turare, sun kewaye tarin ƙasar suna girgiza kai, kowa yana cewa da ma an gaya masa abin ya kai haka. An gaya musu. Na kalli babbansu, ya harɗe hannuwa a baya yana taɓa ɓaraguzan da tsinin takalmi, wallahi tsayuwarka na gani. An share wurin yanzu, ana haƙa harsashin bene.

To ga abin da ya faru bana. Ana faɗaɗa titin, za a mai da shi tagwaye, kuma kamar kullum a kan tsohon suke zubawa. Wannan karon sun fasa tsohon kwalbatin da rafi ke bi, sun danne bakinsa da ƙasa don katafila ta samu wurin wucewa, sabon kuwa ƙarafa ne kawai a tsaye. Na je rumfar masu aikin na samu wani mai hular kwano na ce masa akwai tsohuwa a gidan can. Ya bi yatsana da kallo ya ce wane gida, shi ya ɗauka tsohon sito ne da aka bari. Mutumin kirki ne, har ya ba ni kujera. Na tambaye shi ko za a gama kwalbatin kafin ruwa ya kankama, ya ce gaskiya ba bana ba, rafin zai nemi hanyarsa kafin nan. Ban tambaye shi inda zai samu hanyar ba. Kwari ɗaya ya rage.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi ruwan farko, da la'asar, na je kai wa Inna magani. Ba wani ruwa ba ne, irin wanda ko shanya ba a cika kwashewa saboda shi ba. Iska tana kaɗawa aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba, injin zuƙar ruwan da ka aiko ya zama ƙarfen ado. Tsakar gida ta fara cika, daga sama da kuma bututun maƙwabta. Ni da matar Auta muka kama bokiti, mu ɗebo, mu ɗaga har ƙirji, mu juye ta kan Maigadi, ruwan ya zagaya ya dawo gindin bango yana jiranmu. Ina cikin haka na leƙa ɗakin Inna na ga ledar ƙasa tana motsi. Na ɗaga ta. Ruwa ne yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ta tsagar siminti, mai sanyi, baƙi, da warin kwata, yana 'yan kumfa a hankali kamar tukunyar da ta fara zafi. Na waiwaya na kalli Maigadi. Yana nan tsaye ƙyam, ko ɗigo bai tsallake shi ba. Ya yi aikinsa. Ruwan ne ya daina bi ta ƙofa. Inna tana zaune a tsakiyar gado ta naɗe ƙafafu, ruwa ya rufe ƙafar gadon, abin da ya dame ta kawai shi ne mu ɗora akwatin littattafanka na sakandare a kan kabad kada su jiƙe.

Kwana biyu muna kwasar laka. Da ƙasa ta bayyana sai na ga bangon da ya jingina da cikon gidan mai ya tsage daga sama har ƙasa, tafin hannuna yana shiga. Ko da rana bangon gumi yake yi, in ka dafa shi fenti ya biyo hannunka. Inna ta gaya mini da murnarta cewa kwanan nan ɓeraye sun daina damunta, duk sun tafi. Na ce mata alhamdu lillahi. Na fita tsakar gida na zauna a kan bokiti.

Na roƙe ta. Na durƙusa a inda ka durƙusa. Na ce ɗaki yana nan a gidana, a ƙasa yake babu hawa, taga tana kallon tumatirin surukinta, jikoki za su riƙa shiga suna damunta. Ta ce ta sani, Allah ya yi mini albarka, amma Yayanku ya ce a nan zai same ta. Ta ce in ka iso ka tarar da kwaɗo a ƙofa, da wane baki za ta yi maka bayani. Na ce mata ba amana ka ba ta ba, magana ce ta mai kuka da jaka a hannu. Ta ce ita ba ta san bambancin ba, kuma tunda Baba ya tafi kai ne a madadinsa, gidan da babba bai ce a tashi ba ba a tashi. Da na matsa, ta ce tun ina ƙarama kaina ke da zafi. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce in na kuskura na sa aka cicciɓe ta ba da izininka ba, ba za ta yafe mini ba. Na je wurin Auta, ya sosa ƙeya ya ce shi ma abin yana hana shi barci, amma bari a ji ta bakin Yaya. Muka ji ta bakin Yaya. Ka ce a ƙara wa Maigadi layi ɗaya, kana nan kana shiri, baɗi in Allah ya kai mu. In aka ƙara layin nan, ta kafa za mu riƙa miƙa wa uwarmu abinci kamar ɗaurarriya, ruwan kuma yana tasowa daga ƙarƙashin gadonta.

Da ka miƙa wa matarka Anti wayar mu gaisa, ta ba ni labari cikin farin ciki cewa kun gama gininku, ka dasa itatuwa a bayan gida, ka ce a inuwarsu za ka huta in ka ajiye aiki. Ba ta san ta faɗi wani abu ba, kada ka yi mata faɗa. Na yi muku murna, Allah ya sani. Ba na zarginka da zama a can. A can ka yi ƙuruciyarka ta aiki, a can 'ya'yanka suka buɗe ido, mutum ba ya rayuwa a wuri biyu. Abin da nake zarginka da shi shi ne ka san ba za ka dawo ba, amma ba ka son a ce gidan Baba babu shi. Kana so duk sanda kewa ta taso maka ka rufe ido ka ga matakala, ka ga Inna a tsakar gida, ka ji daɗi ka koma barcinka. Don wannan jin daɗin ka ajiye tsohuwa a rami tana yi maka gadin yarintarka. Matakalar tana ƙarƙashin tireloli, Yaya. Inna ce kaɗai ta rage a sama, ita ma da kaɗan.

Ba aike nake nema ba, kada ka turo mini wani injin. Ba ma cewa nake ka zo ba. Abu ɗaya ne, kuma babu mai iya yinsa sai kai. Ka kira Inna, ba ni ba, ba Auta ba. Ka ce mata da bakinka ka janye maganar da ka yi, ka ce ka yarda a fasa katangar, ka ce kai ne kake so ta koma gidana. Kada ka ce za ka duba, kada ka ce kwanan nan, kada ka ce ta ɗan je kafin ka zo, don ka san ta, za ta ce gara ta jira ka gaba ɗaya. In ta ji daga gare ka, da sandarta za ta nufi ƙofa tana yi mana faɗa mun cika nawa.

Ka gaida mini Anti da kyau, ka ce na gode da man zafin da ta aiko wa Inna, yana yi mata aiki. Ka gaida mai sunan Baba, da 'yar Likitarmu, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa, da 'yan biyu waɗanda muryarsu kawai na sani. Kawu yana gaishe ka, maigidana yana gaishe ka, Auta da matarsa suna gaishe ka. Inna ta san ina rubuta maka, ba ta san abin da ke ciki ba. Ta ce in gaya maka lafiyarta ƙalau, gida lafiya, kada ka sa komai a ranka, ka riƙa cin abinci. Na isar da saƙo.

Na ba ka zuwa Juma'ar ƙarshe ta watan nan. In ta wuce Inna ba ta ji muryarka da wannan magana ba, ranar Asabar da safe zan zo da magini da guduma. Na riga na yi magana da shi, na kuma aro keken marasa lafiya daga asibiti. Za mu fasa Maigadi har ƙasa, mu shimfiɗa katako daga ɗaki zuwa titi, in tura uwata da hannuna, da lulluɓinta, a zaune kamar mutum. Kafin mu fita zan gaya mata gaskiya, cewa ba za ka dawo ba, don ba zan bari ta zauna a gidana tana sauraron tsayuwar mota ba. Ka kuma sani, ranar da aka fasa katangar gidan ya tafi, ruwa na gaba zai shiga ya zauna, kuma babu wanda zan sa ya ɗaga bokiti. Wataƙila Inna ta cika maganarta, ta ƙi yafe mini har ta koma ga Allah. Na kwana da wannan na tashi da shi, na ɗauka. Zan riƙa kai mata abinci tana juya mini baya, a ɗaki busasshe. Kai kaɗai za ka iya sauke mini wannan, da kira ɗaya. In kuwa hadari ya haɗu sosai kafin Juma'ar, to wa'adinka ya ƙare a lokacin, ba zan tsaya duba kalanda ba.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka, uwa ɗaya uba ɗaya.